RA'AYI: Garin mutum ɗaya a Amurka yana da tarihi a rubuce, ƙauyukan Adar fa?

A jihar Nebraska ta Amurka akwai wani gari da ake kira Monowi. An kafa shi a 1902, lokacin da layin dogo ya isa wurin, kuma a shekarun 1930 mutanensa sun kai kimanin 150. Daga nan ya fara zubewa. Noma ya koma hannun masu manyan injuna, matasa suka bi aiki zuwa birane, gidaje suka zama kufai. A ƙidayar shekarar 2000 mutum biyu suka rage, Rudy Eiler da matarsa Elsie. Da Rudy ya rasu a 2004, Elsie ta zama ita kaɗai ce mutanen gari. Ita ce magajiyar gari, ita ce magatakarda, ita ce ma'aji, ita ke tattara haraji daga aljihunta, kuma ita ke riƙe da makullin ɗakin karatu mai littafi kimanin 5,000 da mijinta ya bari.

Wannan labari yakan zagayo a Facebook lokaci zuwa lokaci, matasanmu su yi dariya su wuce. Ni ma dariyar na yi da farko. Abin da ya tsayar da ni shi ne, cikin minti goma a wayata na samu shekarar da aka kafa garin, da yawan mutanensa a kowace ƙidaya, da hotunan cocinsa da makarantarsa da ta rufe. Sai na rubuta sunan ƙauyenmu, wanda ke gindin dutse tsakanin Keita da Buza. Ɗigo ɗaya na gani a taswira, sunan ma an rubuta shi da kuskure.

Ƙauyenmu bai mutu ba kamar Monowi. Kowace shekara ƙaruwa yake yi. A ƙidayar 2012, gundumar Keita tana da mutum fiye da 330,000, Buza fiye da 440,000, Madawa fiye da 540,000, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke zaune. Sama da mutum miliyan ɗaya ke nan, a ɗaruruwan garuruwa da tunga da zango, mafi yawansu ba su da ko shafi ɗaya da ya faɗi wanda ya sari garin, da inda ya fito, da abin da mutanensa suka sha kafin su kawo yau. Ra'ayina shi ne wannan giɓi laifinmu ne mu 'yan boko da 'yan bida, kuma lokacin cike shi yana ƙurewa.

Wanda bai san Adar ba, bari in kwatanta masa ƙauye irin namu. Sama tudun dutse ne baƙi, shimfiɗaɗɗe, wanda ruwa ba ya zama a kansa. Ƙasa kwari ne mai albarka, inda ake gero da dawa da damina, a yi albasa da tumatir da rani. Gari yana maƙale a tsakiya, gidajen laka da dutse, da manyan rumbunan ƙasa masu tumbi waɗanda baƙo ke fara hangowa tun daga nesa. Da an gama girbi, motoci kan kwashe samari da magidanta: wasu Abidjan, wasu Legas da Kano, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Kamaru da Gabon. Daga nan har faɗuwar ruwa, gari na mata ne da tsofaffi da yara. Su ke jan ruwa, su ke kiwon bisashe, su ke jana'iza da suna, su ke jiran saƙon kuɗi a waya. Wanda ya zo ƙauyenmu a watan Maris zai rantse maza sun ƙare.

Ba wai Adar ba ta da tarihi a littafi ba. Farfesa Djibo Hamani ya wallafa bincikensa kan Adar kafin zuwan Turawa tun 1975, kuma a yau jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Daga irin wannan aiki muka san yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci Adar a 1674, da yadda sarautar Sarkin Adar ta zauna a Illela, da zaman Azna da suka riga kowa a duwatsun, da zuwan Lisawan, da ƙarfin Kel Geres da Iwillimidan a ƙarni na 19, har zuwa shigowar Faransawa a wajen 1900. Wata malamar jami'a, Benedetta Rossi, ta fitar da littafi a 2015 kan bauta da aikin ƙarfi da tallafin ƙasashen waje a yankin Keita. Sai dai littafi na farko da Faransanci yake, na biyu da Ingilishi, kuma dukansu yanki baki ɗaya suke kallo. Ba aikinsu ba ne su gaya maka wanda ya haƙa rijiyar bakin kasuwar garinku, ko dalilin da ya sa unguwarku ta rabu da ta gabas. Wannan yana bakin tsofaffi, su kuma tsofaffin kullum raguwa suke yi.

Kakata ta wajen uba ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ni ɗan jarida ne, na yi karatun aikin, ina yawo da na'urar ɗaukar murya a jaka, na yi hira da 'yan siyasa da 'yan kasuwa da ban iya ƙirgawa ba. Ban taɓa kunna na'urar a gabanta ba. Duk lokacin da na je gida takan tsokane ni, ta ce angonta ya zo hannu rabbana, mu yi dariya, in ce mata wani zuwan za mu zauna ta ba ni labari. Wani zuwan bai zo ba. Abin da ya rage mini guntattaki ne da na tsinta a hira: cewa ta yi shekaru tana ɗaukar dutse a ka a aikin Keita da goyo a bayanta, cewa ladan yini hatsi ne da mai da ɗan abin gwangwani, kuma da wannan ta riƙe gida lokacin da kakana ya maƙale a Najeriya.

Wannan aiki da ta yi yana cikin manyan abubuwan da suka faru a ƙasar Nijar, amma matasa da yawa a Yamai da Maraɗi sunansa kawai suka sani. Bayan farin 1973 da 1974, tuddan Keita sun zama fako, ruwan sama na gangarowa da ƙarfi yana yage kwari yana cinye gonaki. A 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, hukumar abinci ta duniya PAM kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Shekarar ta zo daidai da wani farin, kuma a watan Afrilunta gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Najeriya, abin da ya sa mutanenmu suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Maza sun watse neman abin kai wa baka. Waɗanda suka fito da diga da shebur da kwando mafi yawansu mata ne.

Cikin kimanin shekara ashirin, rahotannin aikin sun nuna an farfaɗo da fili kusan hekta 34,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsun ruwa da dama, an fasa hanyoyi, an haƙa rijiyoyi. Jerin duwatsu da ramukan da ke tare ruwa a kan tudu, waɗanda muke kira gandari, hannu ne ya yi mafi yawansu. Sunan Baturen da ya jagoranci aikin, Renato Carucci, yana cikin littattafai, kuma tsofaffin Keita suna ambatonsa har yau. Ya cancanci haka. Amma dubban matan da suka ɗauki dutsen, a rahoto lissafi ne kawai na yawan ranakun aiki. Ba a san su da suna ba sai a gidajensu, kuma a gidajen ma jikoki sun fara mantawa.

Haka labarin yake a kwarin Maggiya, a gundumar Buza. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Wani jami'in gandun daji ɗan Nijar, Daouda Adamou, yana cikin waɗanda suka kawo shawarar, ƙungiyar CARE ta Amurka ta ba da tallafi, mutanen ƙauyuka suka yi dashe. Layi biyu-biyu ake jerawa, tazarar mita 100 tsakanin kowane jeri da na gaba, har aka yi ɗaruruwan kilomita. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun auna, sun rubuta cewa amfanin gona ya ƙaru a bayan itatuwan. Yaron da aka haifa a Karofane ko Tama bayan shekarar 2000 ya buɗe ido ya ga itatuwan, yana iya ɗauka Allah ne ya tsiro da su haka nan. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa wanda ya yi renon dashen, da wanda ya yi gadinsu daga awaki, da yadda aka sasanta rabon itacen idan an yi sassabe.

Wani zai ce, to, sai me? Mutanen da ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, tarihi ne zai cika musu ciki? Ina ganin amsar tana cikin abubuwa uku da kowane ɗan Adar ya sani.

Na farko fili ne. Fakon da ba wanda ya kula da shi a 1980, da ya fara ba da dawa da ciyawa sai ya samu masu shi da yawa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Cofo, kuma ta amince da mallakar gargajiya. Amma mallakar gargajiya shaida take buƙata, shaidar kuma tsoho ne da ya san inda iyaka ta tsaya, da inda burtali ya bi, da wanda aka ba aro da wanda aka ba kyauta. Ranar da aka binne shi, shari'a ta koma hannun mai baki da mai kuɗi. Ɗan bidar da ya shekara goma sha biyar a Abidjan yana turo kuɗin taki, shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari, don ranar da zai dawo yana iya tarar da gonar ubansa ta canza labari. A ƙauyenmu na ga matan da suka gyara fili da hannunsu, amma da aka zo rabo ba a ko kira sunansu ba, domin babu wata takarda da ta ce sun taɓa taka wurin.

Na biyu sani ne. Madatsun ruwa suna cikewa da yashi, jerin duwatsu suna rushewa, itatuwa suna tsufa. Masu tallafin da suka biya kuɗin aikin farko sun tafi, kuma yadda dangantakar Nijar da ƙasashen Yamma ta kasance tun Yulin 2023, mai hankali ba zai zauna jiran dawowarsu ba. Gyaran yana wuyanmu. Matan da suka yi shekara goma suna jera dutse sun san yadda ake bin gangaren tudu, sun san inda ruwa ke fasa gandari da dalilin fasawar, sun san itacen da ya kama a kan dutse da wanda ya mutu. Manomin albasa na Madawa da ya tsufa a fadama ya san yadda ake gina rudu don albasa ta yi watanni ba ta ruɓe ba, ya san yadda ake fitar da iri mai kyau. Matan da ke saƙa tabarmar kaba da aka san Madawa da ita sun san rini da zane da sunan kowane zane. Wannan ilimi ne da aka saya da gumi, kuma sake sayensa zai fi tsada.

Na uku 'ya'yanmu ne. Akwai yaran da aka haifa a Adjamé ko Agege ko Sabha, waɗanda iyayensu 'yan Keita ne ko Buza. Sun san sunan ƙauye domin suna jin ana tara kuɗin masallaci ko na gyaran famfo. Ranar da aka ce baƙi su fita, kamar yadda Najeriya ta yi a 1983, ko yaƙi ya tashi kamar na Kodibuwa a 2002 da na Libiya a 2011, ƙauyen nan ne ake komawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa. Yaron da aka sauke a tashar Keita bai san komai game da garin ubansa ba sai suna, baƙo ne sau biyu.

Akwai wata hujja da ta fi ta ciki nauyi, kuma na ji ta daga bakin dattawan da nake girmamawa. Sukan ce tone-tone ba shi da kyau. Idan aka ce a rubuta wanda ya fara zuwa, za a taso da rigimar sarauta. Idan aka ce a rubuta asalin kowace unguwa, za a taɓo maganar bauta, a kunyata mutanen da yau surukai ne. Wannan tsoro gaskiya ne. Adar ta ga bauta, kuma Nijar sai a 2003 ta sanya ta cikin manyan laifuka a dokar hukunta masu laifi. Amma shirun da muke yi bai goge komai ba. Maganar tana fitowa a ranar neman aure da ranar rabon gona, a matsayin gori, daga bakin wanda ya fi ƙarfi. Idan labari ɗaya kawai ake bayarwa, na gidan sarauta ne ko na mai dukiya.

A nan ma Amurka tana da abin koyi. Tsakanin 1936 da 1938, gwamnatinta ta tura marubuta suka zauna da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, suka rubuta labarin fiye da mutum 2,300 daga bakinsu. Aikin yana da kurakurai, amma yau jikokin waɗannan mutane suna karanta abin da kakanninsu suka faɗa da kansu. Da an ce a bari don kada a tayar da hankali, da abin da ya rage shi ne littafin lissafin iyayen gijinsu. Abin da nake kira gare shi shi ne a ba kowa dama ya faɗi nasa: maƙeri da mahauci, Buzu da Ba'adare da Bafulatani, matar da aka auro daga wani gari, da limami da mai gari. Inda labarai suka saɓa, a ajiye su duka yadda aka faɗe su. Wanda ya ce kada a saki maganarsa sai bayan ransa, a cika masa alkawari.

Aikin ba ya buƙatar furoje ko Bature. Kusan kowane ƙauyen Adar yana da ƙungiyar 'ya'yansa mazauna waje, da zauren WhatsApp da ake tara kuɗi a ciki. Waɗannan ƙungiyoyi sun gina masallatai da azuzuwa, sun sayi injin niƙa, sun kai marasa lafiya asibiti. A cikin kuɗin da ake tarawa a ware jaka kaɗan, a ba ɗalibai biyu na garin, mace da namiji, su yi hutun makaranta suna zagaya tsofaffi da waya. Mace ta zauna da mata, don akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa a gaban namiji ba. A fara da waɗanda suka fi tsufa da waɗanda ba su da lafiya. A farkon kowace hira a faɗi rana da wuri da sunan mai magana. A tambaye su sunayen yunwa da abin da aka ci a kowace, da rijiyoyi da wanda ya haƙa su, da iyakokin gonaki da burtali, da shekarar da aka buɗe makaranta, da wanda ya fara tafiya bida da inda ya je, da sunayen matan da suka yi aikin gandari, ɗaya bayan ɗaya.

Sannan a ajiye abin a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa rijiya, tana kuma ɓata a tasha. Kwafi ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya a ma'aikatar magajin gari, ɗaya wurin 'yan ƙungiya a waje. Gidajen rediyon karkara za su iya watsa abin da masu shi suka yarda a watsa. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana iya karɓar kwafi ta tura ɗalibanta su rubuta shi da Hausa da Tamajak. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa tun 1968 domin tattara tarihin baka, da cibiyar bincike ta IRSH. An kafa su saboda irin wannan aiki, amma ba su da ƙafar da za ta taka kowane ƙauye. Mu muke da ita.

Mu 'yan jarida ma da namu laifin. Ba ma zuwa Garhanga ko Ibohamane ko Bangi sai ambaliya ta ci gari, ko an yi rikicin manoma da makiyaya, ko wani babba ya je buɗe wani gini. Mu ɗauki hoton mai jawabi mu juyo kafin la'asar. Tsohuwar da ke zaune a gefen rumfa, wadda ta jera duwatsun da ke bayan mai jawabin, ba ma tambayarta ko sunanta.

Yarinyar da ta shiga aikin Keita tana da shekara 20 a 1984, yanzu ta haura 60. Wadda ta shiga da 40, idan tana raye, ta haura 80. Wanda ya ga farin 1973 da wayonsa ya manyanta. Kowace damina da kowane sanyi suna tafiya da wasu daga cikinsu.

Elsie Eiler ta yi shekaru tana cike takardun hukuma ita kaɗai don kada a share sunan garinta daga jerin garuruwa. Mu muna da dubban mutane a kowane kwari, da waya a kowane aljihu. Idan ka je gida hutun nan, ko ka kira gida daren yau daga Abidjan ko Tripoli, ka ce a miƙa wa tsohuwa wayar, ka danna maɓallin ɗauka, ka tambaye ta shekarar El-Buhari me aka ci a gidanku. Ni na yi jinkiri, kuma abin da ya rage mini na kakata hoto ne guda na katin zaɓe. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauraron waɗanda suka rage.